Siririn da Ya Je Aron Nauyi

Ka taɓa ganin wanda ya yi ƙiba kuma ya rame yana tsaye wuri ɗaya?

A wani gari an yi wani saurayi siriri, kai cike da dabara, jiki babu tsoka, kamar dai ni mai ba ka labari. Yana son shiga gasar jan igiya, amma kawunsa, mai zaɓen 'yan wasa, ya ce sai masu nauyi.

Saurayi ya tuna karatunsa: idan lif, na'urar hawa bene, ya yunƙura sama yakan tura ƙafar mutum da ƙarfi, sai sikeli ya nuna ƙarin nauyi. Ya ɗauki sikeli, ya ja Kawu zuwa wani dogon bene, suka shiga lif, ya hau kan sikelin.

Lif ya yunƙura, allurar sikeli ta hau.

"Kawu, duba!"

"Tsaya in nemo tabarau."

Lif ya miƙe, allura ta koma wurinta.

"Kawu, duba mana!"

"Tsaya in goge tabarau."

Lif ya fara tsayawa, allura ta yi ƙasa. Daidai nan Kawu ya duba.

"Subhanallahi! Ɗan nan, ai ko akuyarmu ta fi ka!"

Saurayi ya sunkuyar da kai. "Gaskiya Kawu, so na yi lif ya ara mini nauyi, sai ya kwashe har da nawa."

Kawu ya yi dariya. "To, bana kai ne mai busa usur. Baɗi ka zo da naka."

Kai ma in ka shiga lif, lura da gwiwoyinka lokacin tashi da lokacin tsayawa. In ka fito, don Allah ka je ka cinye tuwonka.