Saniyar Suna da Wuƙar Audi

A zamanin da Nasara ba su daɗe da shiga Sakkwato ba, yara kan ruga bakin hanya don su ga Bature a kan doki. Amma akwai wata yarinya kusa da Ƙofar Dundaye da ba ta zuwa wannan kallo. Ita tana da abin da ya fi mata Bature, wato saniyarta.

Ranar sunanta kakarta ta ba ta 'yar maraƙa, aka sa wa maraƙar suna Kyauta. Tare suka girma. Yanzu yarinya tana da shekara goma, Kyauta kuma ta tsufa, ga ƙiba, don kullum cikin ɗura mata dusa da harawa ake. Ga shi tana da tsohon ciki.

Yarinyar nan fa, kai, taurin kai gare ta! In ta ce a'a, sai dai ka haƙura.

Wata rana da hantsi ta kai dusa, ta tarar da Kyauta a kwance. Sai ta ga wani jan nama kamar ƙwallon goruba ya leƙo ƙarƙashin wutsiyarta. Ta daka mata tsawa, saniya ta miƙe, naman ya koma ciki.

Ta san halin babanta, Malam Maccido. Dabba in ta yi ciwo, ba ya jira ta mutu ta zama mushe. Nan da nan zai aika a kira Audi mahauci.

Ta ce a ranta, "Wallahi ba mai ji daga bakina."

Ta kwance Kyauta daga turkenta, ta kai ta bayan rumbu inda ba a cika zuwa ba. Wurin kuwa gangare ne. Kan saniya yana tudu, bayanta yana kwari. Ita dai ba ta lura ba.

Innarta, Lantana, ta tambaye ta, "Ke, mi ya sa kika sake ma saniya wuri?"

"Can ya fi inuwa, Inna."

Ƙarya ke nan, ba ko ƙifta ido. Kwana shida tana wannan aiki. Da ta ji tafiyar babanta sai ta ruga ta tayar da saniya. Kullum kuwa naman ƙara girma yake yi.

Rana ta bakwai da safe ta tayar da Kyauta, naman ya ƙi komawa. Ya kumbura ya kai girman ƙwarya, ya kwashi ƙasa da kashin shanu. Kaji har sun fara kai masa sara. Saniya sai nishi take, tana yunƙuri kamar mai haihuwa.

A nan Malam Maccido ya same su.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Kwana bakwai, Baba."

"Kwana bakwai kina kallo kika yi shiru?"

Bai doke ta ba. Ya dai aika a kira mutum biyu: Mode, tsohon makiyayi daga Dundaye wanda ya san ciwon shanu, da Audi mahauci.

Audi ya riga isowa, da igiya a kafaɗa da wuƙa a kube. Ya leƙa bayan saniya ya girgiza kai.

"Malam, wagga ba ta kai gobe. A yanka tun tana da rai, kada a yi hasarar nama."

Yarinya ta yi tsalle ta tsaya tsakaninsa da saniya, ta ware hannuwa.

"Ba ni bari!"

"Ke, kauce!" in ji babanta.

"Ba ni kaucewa, Baba. Laifina ne, ba nata ba. A doke ni in za a doke ni. Amma akwai ɗa cikinta, yana motsi, na sa hannu na ji. Shi mi ya yi?"

Audi ya yi dariya. "Malam, wagga ɗiya taka ko sarkin yaƙi!"

Ba ta yi dariya ba. Hawaye na zuba, amma ko taku ɗaya ba ta ja da baya ba. Malam Maccido ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce wa Audi ya zauna a jira Mode.

Mode ya iso, ya duba naman a hankali. Ya ce, "Bakin mahaifa ne ya fito. Bai yi baƙi ba tukuna, da saura. Wa ya ɗaure ta a gangare? Nauyin ciki duk ya koma baya!"

"Ni ce," in ji yarinya, murya ƙasa ƙasa.

"To ke za ki gyara. Ruga wajen majema ki roƙo bagaruwa."

Ta ruga kamar iska ta dawo. Lantana ta dafa bagaruwa, aka bari ruwan ya huce. Aka juya saniya, kanta ya koma kwari, bayanta tudu. Mode ya wanke naman tas, ya yi ta zuba masa ruwan bagaruwa har kumburin ya ragu. Ya shafa man shanu a hannu, ya tura a hankali, a hankali. Yarinya tana riƙe da kan Kyauta tana yi mata magana a kunne. Can sai naman ya shige. Mode ya ɗaura mata igiya mai taushi ta tare wurin.

Audi ya mayar da igiyarsa kafaɗa. "To, yau dai na sha kashi."

Mode ya wanke hannu, ya kira yarinya.

"Ɗiyata, ji gaskiya. In Allah ya so za ta haihu. Amma saniyar da ta yi wanga ciwo, in ta sake ɗaukar ciki sai ya dawo, ya fi na yau muni. Ba ta ƙara ciki. In ta yaye ɗanta, lokacinta ya yi."

Yarinya ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta tuna kajin nan da nishin Kyauta. Ta rufe bakinta.

Kwana goma sha tara tana gadi. Ta rage dusa. Ko ɗan ja ta gani, sai ta ruga ta faɗa wa babanta. Ranar da naƙuda ta zo, ita ta fara gani, aka kwance igiyar da Mode ya ɗaura da wuri. Kyauta ta haifi ɗan maraƙi fari sol, lafiyayye. Yarinya ta yi ta tsalle har ɗankwalinta ya faɗi.

Bayan wata takwas maraƙi ya koma cin ciyawa. Wata safiya yarinya ta je gaban babanta ta durƙusa.

"Baba, lokaci ya yi. Amma ba mai jan ta da igiya. Ni zan kai ta."

Haka kuwa aka yi. Ta shiga gaba, Kyauta na bin ta a baya ba igiya, har ƙofar Audi. Ta shafa mata tozo, ta juyo. Ta yi kuka a hanya, kuka sosai.

Da ta shiga gida, sai ta ga wata karsana ja a turken Kyauta, ɗan maraƙi yana shinshina ta. Babanta ne ya karɓo ta wurin Mode a madadin Kyauta.

Ya ce, "Taki ce. Mi kika koya?"

Ta share ido ta ce, "Ɓoye ciwo ba so ba ne, Baba. Wanda kake so, in ya yi ciwo, faɗi ake yi tun da wuri."

Sannan ta kwance karsana, ta zaga da ita tsakar gida tana duba ƙasa, har ta sami wuri shimfiɗaɗɗe inda kowa zai gan ta. A nan ta kafa turke.