Hannun Da Ke Kafaɗar Bebi

"Ki goge ta kawai," ya ce, ya ajiye hoton a teburina ba tare da ya yarda mun haɗa ido ba.

Na san hoton. Shi ne yake rataye a falonsa: shi, da matarsa marigayiya, da 'yarsu Bebi a tsakiya. An kusa ɗaura mana aure, Mamata kuwa ta kafe ba zan tare a gidan da wata ke kallona daga bango ba.

"Abban Bebi, kai ma haka kake so?"

"Ni ke nake so, zuciyata... Idan Mama ta ce ta fasa fa?"

Gyaran hoto sana'ata ce. Sai in ɗebo wuri mai kyau in liƙa a kan wanda ba a so, har ya ɓace kamar bai taɓa zama ba. Na goge ƙuraje, na goge igiyoyin wuta, na goge masu leƙe a hoton biki. 

Na shigar da hoton kwamfuta, na ɗebo labulen da ke bayansu na fara shafawa. Gefen mayafinta ya tafi. Kafaɗarta ta tafi.

Shi kuwa ya kasa zama. Ya je ƙofa, ya dawo, ya ciro waya, ya mayar aljihu.

"Don Allah ka zauna, kana hana ni aiki."

"Na zauna ai," ya ce, yana tsaye.

Da na gangaro sai na ci karo da hannunta. Yana kan kafaɗar Bebi, yatsun sun riƙe wuyan rigar gam. In zan cire shi, sai na ɗebo rigar yarinyar na rufe yatsun uwarta da ita.

"Ranar nan Bebi ƙin tsayawa ta yi," ya ce a bayana. "Sai da uwarta ta riƙe ta haka..."

Ya juya wa kwamfutar baya.

Na janye duk abin da na shafa, mayafin ya dawo. A kumatun marigayiyar na dama akwai tabon ruwan da ya taɓa shiga gilashin hoton. Na ɗebo fatar kumatun hagu a hankali na cike wurin, na buga sabo.

"Me kika yi haka? Mama fa?"

"Uwata ce, bar ni da ita."

A tsakar gida na samu Mama tana ninke kayan wanki. Na durƙusa na miƙa mata hoton.

"Wannan ce gogewar?"

"Na kasa, Mama. Dubi hannun. Da ni ce a tsakiyar nan, za ki so a cire naki?"

Ta daɗe tana kallo, ta goge ido da bakin zani.

"Tsoro nake kar ki shiga ki tarar babu wurinki a ransa."

"Don ni ya ɗauko shi daga bango, Mama, yana kuka a zuci."

Ta yi ajiyar zuciya, ta miƙo min hoton da hannu biyu.

"To ki saka shi a gilashi mai kyau. Gobe kuma ki kawo min jikata in yi mata kitso, kan nan nata ai aikin uba ne."