Wanda Ke Jira Cikin Tantin Hidde

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhun hunturu ya riga ya sauko wa garin Drachten. Wessel ya tashi daga wurin aikinsa na ɗaure kwalayen cuku, ya hau kekensa ya biya garejin Ruurd don ya karɓo kwalbar taki. Ana yayyafi siriri, irin wanda ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka ji sanyinsa a ƙashi.

Ruurd aminin Hidde ne, yayan Wessel, wanda ya rasu wata tara da suka wuce. A gindin matakalar ɗakin sama aka tsince shi, aka ce zuciyarsa ce ta tsaya. Shekararsa ashirin da tara. Ruurd ne ya gan shi, shi ya ɗauki gaban akwatin gawa, shi ya riƙe Wessel a maƙabarta. Tun daga ranar Wessel ke ce masa Yaya.

Wessel ya tare a gidan hayar Hidde, don ya kasa yarda baƙo ya kwana a ɗakinsa. Da kaka ta shigo, sai ga Ruurd da kaya a bayan mota: baƙin tanti, fitilu, fanka, da ƙwayar irin wiwi uku a kwalin ashana. Ya ce na Hidde ne, a garejinsa ya ba shi ajiya. Wessel ko taba ba ya sha, bai kuma taɓa raya ko albasa ba. Amma ya shuka su a ɗakin sama, saboda su kaɗai ne abin Hidde da ke iya tsiro.

"A'a, sarkin noma!" in ji Ruurd daga ƙarƙashin wata mota. "Yaya 'yan matan naka?"

"Ɗaya ganyenta ya fara yin rawaya, Yaya."

"Kai ma ka cika ɗura musu ruwa kamar kaka da jikanta. Ka bar su su ji ƙishi mana." Ya fito yana goge hannu. Ya rame sosai a 'yan watannin nan, idanunsa sun faɗa. "Yanzu da suka fara huda, kada ka manta ƙa'ida. Rabin rana haske, rabi duhu. In fitila ta mutu, ba a buɗe musu. In kuma ya zama dole, ga wannan."

Ya miƙa masa wata tsohuwar tocila mai igiyar ɗaurawa a goshi. Haskenta kore ne.

"Shuka ba ta ganin kore. Ka ɗaura ta kafin ka hau. Kada ka shiga ba ita, ka ji ko?"

"Ka zo ka duba mini su mana, ko sau ɗaya."

"Gwiwar nan tawa, auta. Matakalarku sai akuya."

Suka yi dariya. Tun da Ruurd ya kawo kayan bai taɓa wuce ɗakin girki ba, Wessel kuwa bai taɓa kawo komai a ransa ba.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna ya isa gida. Agogon da ke kashe fitilun ya riga ya kashe su. Ya ɗora kirɓaɓɓen dankalin jiya a wuta, yana jin gunjin fanka daga sama, ƙarar da ya saba da ita har ta zame masa kamar akwai mutum a gidan.

Sai fankar ta tsaya.

Shiru ya cika gidan. Ya ji ɗigar famfo. Ya ji dankali na kamawa a gindin tukunya. Ya kashe wutar girkin, ya tsaya yana saurare.

Warin shukokin ya gangaro ta matakala, kamar lemon tsami da jiƙaƙƙiyar ciyawa. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙauri, na robar waya da ta narke, da na gashi da ya babbake.

Tsoron da ya fara kama shi na shukokin ne, kada rashin iska ya kashe su. Ya ɗaura tocilar a goshi ya kunna. Bango ya zama kore. Hannuwansa suka koma kamar na wanda ya kwana cikin ruwa.

Ya hau. Kowane katako yana kuka a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ɗakin sama da kullum ke da ɗumi ya yi sanyi ƙarara. Tantin na tsaye a tsakiya. Gefensa yana lotsawa ciki, ya kumburo waje, ya sake lotsawa, a hankali, alhali babu fanka.

Daga ciki wani abu yana gurzar katako. Ƙurr. Shiru. Ƙurr. Kamar diddigen takalmi.

Wessel ya kama zik ɗin, ya ja shi ƙasa.

Shukokin uku duk sun sunkuya gefe guda, kamar masu zaman makoki. A inda suka sunkuya, tsakanin tukwanen, mutum ne zaune ya jingina da ƙarfen tanti. Rigar sanyin da mahaifiyarsu ta saƙa ce a jikinsa. Hannunsa na dama a dunƙule, baƙi ƙirin har wuyan hannu. Fuskar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana motsi kamar hayaƙi. Idanun ne kawai a tsaye, ba kuma Wessel suke kallo ba. Goshinsa suke kallo.

"Ruurd," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Ka kira su?"

Muryar Hidde ce. Har da 'yar shaƙewar nan tasa.

"Hidde," Wessel ya ce. "Ni ne."

"Wayar wutar da ka ɗaura ce ta kama ni. Na ce ka kira motar asibiti. Ka ce bari ka sauke shukokin tukuna, kada 'yan sanda su gani."

"Wessel ne. Ƙanenka."

"Ka ce minti biyu. Ina kwance ina ganin koren hasken nan yana sauka, yana hawowa. Yana sauka, yana hawowa."

Diddigen ya gurji katako.

"Sannan ka ja ni ƙasa."

Wessel ya so ja da baya.

Baƙin hannun ya buɗe, ya cafki wuyan hannunsa.

Wutar lantarki ta ratsa shi. Haƙoransa suka datse. Ya ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, ƙirjinsa ya riƙe, zuciyarsa ta yi tuntuɓe.

"Zauna," in ji muryar, daf da kunnensa. "Mu jira tare."

Ya fara sulalewa ƙasa.

Hannun hagu ne kaɗai ke jin maganarsa. Ya ɗaga shi, nauyi kamar na wani. Ya laluba goshinsa. Ya fizge igiyar, ya wurga tocilar cikin tantin.

Riƙon ya saki.

Abin ya juya, ya bi hasken da rarrafe.

Wessel bai taka matakalar ba, gangarowa ya yi. Ya faɗo a gindinta, ya miƙe, ya fita titi ba takalmi.

Ko Hidde ne, ko wani aljani ne da ke tarewa inda aka bar mutum ya cika shi kaɗai ya ari muryarsa, Wessel bai sani ba. A cikin yayyafin ya ciro waya ya kira Ruurd.

"Yaya, na shiga tantin."

Ana jin ƙarar wasan ƙwallo daga talabijin a bayan Ruurd.

"Da tocilar?"

"Da ita."

"To... ya sake ka?"

Wessel bai ce ya ga kowa ba. Ya tsaya yana jin ruwa na bin wuyansa.

"Auta, ka saurare ni. Wata bakwai ban runtsa ba, yayanka yana cikin garejina. Na ƙona tantin, da safe na same shi a kafe kamar ba a taɓa shi ba. Na ce kai jininsa ne, ba zai taɓa ka ba."

"Shi ya sa ka ba ni tocilarka, ka ce kada in shiga ba ita."

 

Wessel ya katse. Ya danna lambar gaggawa. Wata mata ta ɗauka.

"Wuta ce ta ja yayana. Yana ɗakin sama. Don Allah ku turo mota."

"Yana numfashi? Yaushe abin ya faru?"

"Tun watan Maris," in ji Wessel, sai kuka ya ƙwace masa.

Duk da haka sun zo. Shuɗin haske ya cika layin, mutum biyu suka hau matakalar da gudu ɗauke da gadon marasa lafiya. Wessel na tsaye a titi ya ji wata doguwar ajiyar zuciya daga tagar sama, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Mutanen suka sauko suka ce ba kowa sai shuka uku.

'Yan sanda sun kwashe su da tantin. Masu gidan sun karɓe gidansu. Wessel ya faɗi abin da ya sani, aka buɗe maganar mutuwar Hidde, aka zo aka tafi da Ruurd.

Yanzu yana zaune wurin mahaifiyarsa. Shatin yatsu huɗu na nan a wuyan hannunsa, ba ya ciwo sai in za a yi ruwa. Tsohuwar ta tambaye shi sau ɗaya ko Hidde ya sha wahala kafin ya cika. Wessel ya ja hannun rigarsa ya rufe shatin, ya ce mata a'a, nan take ne.