Ɗaurin Ciyawa a Hanyar Dutsen Gwauro

Insfekta Hamisu yana tsakiyar fafatawa da kwanon ɗanwake, fafatawar da bai taɓa shan kaye a cikinta ba, sai hayaniya ta ɓarke a ƙofar caji ofis ɗinsu da ke ƙasar Ikara.

Kofur Sada ya leƙo. "Yallaɓai, Ya'u jagora aka kawo. Jama'a na biye da shi, har da masu gora."

Kowa ya san Ya'u a yankin. Tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga, ya koma kwasar mutanen gari a ƙafa daga bayan Saulawa, su yi ta kwana a daji har su isa zangon da ke gindin Dutsen Gwauro, daga nan su hau ƙoli. Insfekta ya daɗe yana mamakin mutumin da Allah ya ba mota, amma ya nemi wanda zai wahalar da shi a ƙasa.

Wata matashiya ce a gaban taron, idanunta sun yi jajir. Ta ce sunanta Rumaisa, 'yar Malam Inuwa, tsohon hedimasta daga Kudan.

"Babana yana asibiti a Zariya," in ji ta. "Ƙafa a karye, kai a fashe, ko magana ba ya yi. Wannan mutumin muka damƙa wa amanarsa, ya yar da shi a daji."

Insfekta ya sa aka shigar da Ya'u ciki kafin masu gora su yanke hukunci. Bayan rigarsa duk busasshen jini ne.

"Jinin wa?"

"Na Malam ne, ranka ya daɗe. Daga kwazazzabo na goyo shi har titi."

"Me ya kai shi kwazazzabo, kai kana ina?"

"Ina gaba. Haka aikin yake, ni ke share hanya. Can babu sabis, to duk inda hanya ta rabu biyu sai in ƙulle ciyawa a ɓangaren da za a bi. Malam ya ce a bar shi a baya da carbinsa, ba ya son a riƙa jiransa kamar amarya. Ran Laraba muka isa zango bai iso ba. Da na koma, sai na tarar an kwance ƙullina na dama, an ɗaure ciyawa a hagu. Kuma ba ɗaurina ba ne."

Di-fi-o, shugaban ofishin, ya saurara, ya girgiza kai. "Hamisu, ciyawa ce za ta hau akwatin shaida? Mutum na tsakanin rai da mutuwa. Litinin a kai shi kotu."

"Yallaɓai, a ba ni dama in je in ga ciyawar."

Bakinsa ne ya faɗa. Gwiwoyinsa ba a yi shawara da su ba.

Mutum biyu ne suka yi tafiyar tare da Malam Inuwa. Na farko Yahya, wani akawu mai tumbin da ya kusa kamo na Insfekta.

"Ni ina tsakiya," in ji shi. "Da ƙafata na taka ko'ina, ban tsaya ba, ban ga kowa ba. In ka tambaye ni, yaran makiyaya ne suka yi wasa da ciyawar."

Na biyu Sadiƙ, saurayi mai shagon waya a Makarfi, sanye da takalmin hawan dutse sabo fil.

"Ina manne da Ya'u tun safe, Yallaɓai. Rabona da Malam tun karin kumallo."

"To madalla. Gobe da asuba ku biyun za ku raka ni. Ya'u zai ja mu."

Tafiyar ta fara da daɗi, don a bayan motar ofis aka yi ta har ƙarshen gonaki. Daga nan daɗin ya koma gida tare da direba. Ƙarshen damina ne, gamba ta fi mutum tsawo, hanya kuma sai sama take yi kamar farashin taki. Kafin azahar Insfekta ya gama tuba daga ɗanwake, daga tsiren yamma, har da shayin Kofur Sada da bai taɓa yi masa laifin komai ba.

Ya'u bai yi dariya ba, ko da yake yana da dalili. Ya saro masa sanda, ya karɓe jakarsa ya haɗa da tasa, ya jiƙa masa tsamiya a gora.

"Kada ka dubi dutsen, ranka ya daɗe. Dubi inda za ka sa ƙafa. Dutsen ba ya zuwa ko'ina."

Insfekta ya kurɓi ruwan tsamiyar, ya yi hamdala irin wadda bai yi ba ko ranar da aka ƙara masa girma. Ya kalli bayan mutumin da ake shirin kai wa kotu, ɗauke da kayan mai kai shi, ya ji wata 'yar kunya.

Sun kwana a wata ruga. Da safe uwar rugar, Inna Bilki, ta dama musu fura. Tana miƙa wa Yahya ƙwarya ta tsaya tana dubansa.

"A'a! Mai jaki! Ka dawo? Tun ran Laraba jakin nan bai yafe maka ba, da ya ga mai tumbi sai ya juya baya."

Insfekta ya ajiye ludayi. "Wane jaki, Inna?"

"Wanda maigida ya ɗora shi a kai mana. Nan ya zube da hantsi yana cewa ƙafarsa ta mutu. Aka zagaya da shi ta hanyar shanu, aka sauke shi dab da zango don kada abokansa su gani."

Yahya ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, don Allah kada maganar nan ta isa ofishinmu."

"Wato ba ka bi ta mararrabar ba ma sam."

"Ko ganinta ban yi ba."

"Inna, yaranku suna kiwo ta wajen?"

"Da wannan ruwan? Hanyar hagun ce da take saukowa nan, amma bana ruwa ya cinye ta, ta zama rami. Mun hana ko ɗan akuya zuwa."

Insfekta ya shanye furarsa tas, ya yi wa Inna Bilki godiya har sau biyu, ɗaya ta fura, ɗaya ta jaki.

Rana ta take tsaka suka isa mararrabar. Insfekta ya iso a ƙarshe, yana huci kamar tsohon injin niƙa. Ya ce kowa ya tsaya baya, ya kira Ya'u shi kaɗai.

"Nuna mini naka."

Ya'u ya kama gamba ya yi ƙulli guda, ya karkata kan ciyawar ya dubi hanya. Sannan ya nuna wanda ke hagu.

Insfekta ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Wannan babu ƙulli a cikinsa ko kaɗan. An raba ciyawar biyu ne, aka murɗe ta tamau, aka cusa bakin a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallo, sai ya ji tafin hannunsa yana masa ƙaiƙayi. Shi ɗan manomin rake ne. Da ganye ake ɗaure damin rake, ganye kuwa ba ya ƙulluwa, tsinkewa yake, don haka murɗawa ake a cusa. Wannan ɗaurin ne ya kore shi daga fadamar ubansa ya shiga ɗan sanda, ga shi ya biyo shi har kan dutse.

Ya miƙe da taimakon sanda da na Ya'u, suka bi hanyar hagu har inda ƙasa ta zabtare. Ramin ya isa a jefa ɗaki a ciki. Hular Malam Inuwa tana maƙale a wata saiwa.

"Kofur, ina igiyar killace wuri?"

"Tana ofis, Yallaɓai. An shanya kaki a kanta."

"Can ta fi amfani. To jama'a, a taimaka wa hukuma. Kowa ya ɗaure ciyawa a gefensa, mu yi wa ramin nan alama kada wani ya sake faɗawa. Maza, hadari na haɗuwa."

Yahya ya yi ɗaurin igiyar takalmi, ya warware, ya sake. Kofur Sada ya yi wani abu da ba shi da suna. Sadiƙ kuwa ko kallon hannunsa bai yi ba, idonsa na kan hadari. Ya raba, ya murɗa, ya cusa, ya matsa gaba ya yi na biyu.

"Sannu da aiki," in ji Insfekta. "Kafin waya, me kake sayarwa?"

"Waya dai, Yallaɓai."

"Babanka fa?"

Sadiƙ ya saki ciyawar. "Yana da fadama."

"Ta rake."

"Eh."

"Zo ka ga ɗan'uwan ɗaurinka a mararraba. Kamar an tsaga kara."

Sadiƙ ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Yallaɓai! Rabin Makarfi haka suke ɗauri."

"Gaskiya ne, har da ni. Amma rabin Makarfi ba su hau nan ran Laraba ba, ni kuwa ka ga da kyar na hau yau. Ya'u, tun safe yana manne da kai?"

"Ban da lokacin da ya ce zai kama ruwa, bayan mun wuce mararraba. Ya ɗan jima. Na ɗauka ciki ne, ban tambaya ba."

Yahya ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Yallaɓai, tunda asirina ya riga ya tonu, bari in faɗa. A zango, da Ya'u ya ce zai koma neman Malam, Sadiƙ ya ja ni gefe ya ce in taya shi hana shi. Wai sun haɗu da Malam a hanya, ya ce masa ya gaji, ruga zai sauka. Na yi shiru ne don kada a tambaye ni ni ta ina na biyo."

Insfekta ya juya ga Sadiƙ. "Kai da rabonka da Malam tun karin kumallo?"

Sadiƙ ya zauna a kan dutse, ya dafe kai. Sabon takalminsa ya yi kaca-kaca da laka.

"Wallahi ban nufe shi da sharri ba," ya ce. "Bara na zo, na kasa, na juya. Tun daga nan duk kasuwa Rabin Dutse suke kirana, har yaran shagona. Bana na rantse sai na ɗauki hoto a ƙoli. Malam kuma tafiya yake kamar hawainiya, guzuri na ƙarewa, Ya'u ya ce ba mai hawa sai kowa ya iso, in an makara kuwa gida za mu juya. Bara ta hanyar hagun nan na sauka ruga. Na ce in Malam ya bi ta, zai sha fura, a sa shi a babur, kowa ya huta. Ban san ruwa ya cinye ta ba."

"Da aka fito da shi jina-jina ka sani. Da masu gora suka biyo Ya'u ka sani."

Sadiƙ ya fashe da kuka.

Ya'u bai dube shi ba. Ya sauka ramin a hankali, ya ciro hular Malam, ya karkaɗe ta ya sa a aljihu.

A kan wani tudu da ake ɗan samun sabis, wayar Insfekta ta yi ƙara. Rumaisa ce. Malam ya farfaɗo da asuba, ta ce, kuma abin da ya fara tambaya shi ne wanda ya goyo shi, don yana jin muryarsa yana ta cewa, "Malam, kada ka yi barci." Insfekta ya gaya mata abin da aka gano. Sai ta roƙi a ba Ya'u wayar.

Ya'u ya riƙe ta da hannu biyu. "Babu komai, 'yata. Wallahi babu komai. Ko ni ne haka zan yi. Alhamdu lillahi. Ki ce masa hularsa na wurina."

Ya miƙo wayar, ya kama hannun Insfekta. "Ranka ya daɗe, ka taka dutse saboda ni. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa."

"Amin. Amma a rage godiyar, Ya'u. Rabin hanya kai ka jawo ni, sauran rabin sanda ce."

Kofur Sada ya ciro ankwa ya danna wa Sadiƙ. Suka kama gangara, yayyafi ya fara sauka, duwatsu suka ɗau santsi. Ba su yi nisa ba Sadiƙ ya zame, ya daki dutse da kafaɗa.

Ya'u ya tsaya. "Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki. A cire masa."

"Wannan? Shi ya so a ɗaure ka."

"Na sani. Amma ba a sauka nan babu hannu. Ni na hau da shi, ni zan sauke shi. In mun taka kwalta, naku ne."

Insfekta ya dubi Kofur, ya gyaɗa kai. Aka buɗe ankwar. Ya'u ya miƙa wa Sadiƙ hannun hagu, Sadiƙ ya kama yana kallon ƙasa.

Na daman kuwa Insfekta bai jira an yi masa tayi ba.