Dutsen Kagoro Ya Fito Ja

Wata ranar Asabar Fidelia ta fara ganin Kumai, a barandar cocinsu da ke Kafanchan, inda take koya wa manya zane da fentin ruwa. Ya zo a makare, takalminsa duk ƙasar gonar citta, ya zauna a bencin ƙarshe.

Ta nuna musu yadda ake jiƙa takarda kafin a ɗora kala, a fara da mai haske, a bari ta bushe, sannan a bi da mai duhu. Duk ajin shi kaɗai ya iya haƙurin jira. Ta lura da hakan, ta kuma lura da yadda yake sunkuyar da kai in sun haɗa ido.

A mako na uku ta sa su zana dutsen Kagoro, wanda damina ta lulluɓe da kore. Na Kumai ya fito ja kamar an yi gobara. Aji ya kwashe da dariya. Ta gyara masa, amma da mako ya zagayo sai ya maimaita. Ranta ya ɓaci, ta ɗauka raini ne.

"In wasa ka zo yi, Malam Kumai, akwai masu son bencin nan."

Ya tattara kayansa ya tafi. Asabar biyu bai zo ba, ita kuwa ta rasa abin da ya sa idonta ke ta komawa bencin ƙarshe. Sai ga saƙo a wayarta:

"Malama, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Tun ina ƙarami ja da kore kusan ɗaya nake ganinsu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Son zane ya kawo ni ajinki, son ganinki ya hana ni dainawa."

Ta karanta sau uku, kunya ta rufe ta. Ta mayar masa:

"Ni ce da ban haƙuri. Ka zo Asabar, ɗalibina. Kada ka makara."

Ta rubuta masa sunan kowace kala a jikin kwalinta, sannan ta koya masa zane da shuɗi kaɗai: ruwa da yawa don abin da ke nesa, kala mai kauri don na kusa, farin takarda kuma a bar shi ya zama haske. Nan hannunsa ya buɗe. Ya zana tsohuwar tashar jirgin ƙasa har tana jin kamar ta shiga ciki. Kafin a haƙe citta, yana kiranta Malamata, tana kiransa Mai Shuɗi, kuma babu wanda bai san abin da ke tsakaninsu ba.

Mahaifinta, Papa Ejike, tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma ya riga ya sa ransa a kan Franklin, ɗan amininsa mai kantin magani. Ya ce ba zai ba manomin da ke wasa da fenti 'yarsa ba, ga shi ba yarensu ɗaya ba. Fidelia ta yi kuka, ta yi roƙo, bai motsa ba. Da ƙyar ya yarda Kumai ya zo gaisuwa ranar Lahadi bayan sujada.

Franklin ma ya zo, kuma ya riga ya tsinci labarin idon Kumai a bakin 'yan aji, waɗanda suka gane tun da suka ga an rubuta masa sunayen kala. Ana cikin cin abinci ya ɗauko barkono biyu daga tiren kicin, ja da kore, ya ajiye a gaban Kumai, yana murmushi ya ce ya nuna musu wanda ya nuna.

Fidelia ta so ta yi masa alama da ido, amma Kumai bai kalle ta ba. Sai ya dubi mahaifinta ya ce:

"Baba, ban sani ba. Ba na iya bambanta su, haka Allah ya yi ni."

Franklin ya yi dariya, shi kaɗai. Papa Ejike ya daɗe yana kallon barkonon, sannan ya ce wa Franklin ya gaida gida.

Bayan Franklin ya fita, tsohon ya ba su labarin da ko 'yarsa ba ta taɓa ji ba. Yana saurayi burinsa ya tuƙa jirgi. Ranar gwaji aka kunna masa fitilu, ja da kore, ya yi canke, ya faɗi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da tikiti, yana ce wa mutane ba ya son tafiye-tafiye. Marigayiya matarsa kaɗai ta sani, ita ke zaɓar masa riga kowace safiya.

"Ni na ɓoye har na tsufa. Kai ka faɗa a gaban mai yi maka dariya. Ɗana, ka turo manyanka."

Da yamma saƙo ya shigo:

"Malamata, har yanzu ji nake kamar mafarki."

"Ni ma, Mai Shuɗi. Papa ya ce ka zo masa da zanen tashar."

A watan Disamba aka ɗaura aure. Dangin Kumai suka cika motoci daga Kagoma, dangin amarya suka zo tun daga Enugu. A bakin ƙofar coci, kafin su shiga, Papa Ejike ya dubi furannin da ke hannun 'yarsa, ya tambaye ta a fili, ba tare da ya rage murya ba, wace kala ce.

"Ja ne, Papa."

Ya gyaɗa kai, ya riƙe hannunta har gaban fasto, ya ɗora shi a cikin na Kumai.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zaman lafiya. Abin da ɗayanku bai gani ba, ɗayan ya faɗa masa."

Coci duka ya amsa da amin.