Kunkuru a Teburin Alhaji Gidaɗo

Da hantsin Asabar wani dattijo ya shigo ofishin 'yan sanda na unguwar Ma'adi a Alƙahira, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Larabcinsa ya ƙi fita saboda tashin hankali, sai aka tura shi wurin Sufeto Husam, wanda mahaifiyarsa Bahaushiyar Sudan ce, Hausa kuwa a bakinsa kamar a Kano aka yaye shi.

"Zauna, Baba. Me aka ɗauke?"

"Kwamfutar hannu, Yallaɓai," in ji dattijon. Sunansa Alhaji Gidaɗo, tsohon direba ne da ya shekara talatin a Alƙahira. "Ba ita ce damuwata ba. Muryar marigayiya matata na ciki. Saƙonninta ne na shekara biyar, kuma babu su a ko'ina."

'Yar tasa, Nana Fatima, ta yi sauran bayani. Duk Juma'a da rana mutum biyu kan zo gidan su buga karta irin ta foka da mahaifinta: Haisam, mai sarin takalma a Ataba, da Tarig, mai gyaran waya a Hayyin Ashir. Ba caca suke yi ba, da ƙwallon dabino suke zubi. Jiya da la'asar Alhaji ya shiga alwala, kowa ya watse, kwamfutar da ke kan kujera ta yi ɓatan dabo.

"Wa kake zargi, Baba?"

"Babu kowa! 'Ya'yana ne." Idanunsa suka kawo ruwa.

Sufeto ya dube shi, tausayi ya kama shi. Bai taɓa ganin fuskar da ba ta iya ɓoye komai kamar wannan ba.

Sufeto ya fara da Haisam, a shagonsa, tsakanin kwalayen takalma.

"Ni ban je gidan Alhaji jiya ba," in ji Haisam, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Mai gadin benen ya ga fitarka."

Haisam ya leƙa waje, ya rage murya. "Ma'alish, yi haƙuri, ya Basha. Na je. Matata ce ba ta san ina karta ba, ta ɗauka karatu muke yi. Amma hannayena biyu kawai na fito da su."

"Waye gwani a teburin?"

"Tarig mana. Wannan daga yadda ka haɗiyi yawu yake gane katinka. Alhaji kuwa, Allah sarki! In ya samu kati mai kyau girarsa har rawa take yi. Muna barinsa ya ci hannu ɗaya ko biyu don ya ji daɗi."

A Hayyin Ashir, Tarig ya tarbe shi da shayi. Mutum ne siriri, mai natsuwa, ɗan kimanin arba'in.

"Baba Alhaji ubana ne," in ji shi. "Shi ya tsaya mini na samu wannan shagon."

"Kana buga foka a intanet?"

"Ban taɓa ba. Me zan karanta a jikin gilashi? Ni sai na ga hannun mutum da numfashinsa."

Sufeto ya yi shekara goma sha biyar yana kallon maƙaryata, amma a fuskar Tarig bai samu abin kamawa ba. Ya sha shayinsa ya fito, yana tsaki a zuci.

Yana shiga mota Nana Fatima ta kira shi.

"Yallaɓai, akwai abin da Baba ya ji kunyar faɗa. Yana bugawa a intanet, wasan maki ne, da sunan Kunkuru. Daga ni sai shi muka sani. A can tsoronsa ake ji. Yanzu na duba, wani ya shiga da sunansa yana wasa."

"Kin tabbata ba shi ba ne a wata wayar?"

"Yana gabana. Kuma ba wasansa ba ne. A intanet ba a ganin fuska, don haka lokaci ake dubawa, da yawan zubi, da abin da mutum ya saba yi. Baba yakan jira, ya ajiye kati sau goma kafin ya kai hari sau ɗaya. Wannan kuwa, da zarar an cinye shi hannu ɗaya, kafin ka ƙirga uku ya tura duka a na gaba."

Sufeto ya yi murmushi. "Ki ce da Baba ya kira su gobe bayan azahar. Ku ce an rufe magana, wasa kawai za a yi."

Ran Lahadi aka baje ƙwallon dabino a kan tebur. Sufeto ya zauna gefe da kofin shayi, a matsayin mai son koyo. Bai kalli fuskar kowa ba. Hannaye yake kallo, yana ƙirge a zuciyarsa.

Haisam ya rasa hannu biyu, ya yi dariya, ya ci gaba da zubinsa kaɗan-kaɗan. Can girar Alhaji ta fara rawa, amma Tarig, da hankalinsa ya rabu biyu, bai lura ba. Alhaji ya kwashe tulin.

Aka sake rabo. Ɗaya, biyu. Tarig ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur.

Alhaji ya tsaya yana jujjuya katinsa, ya kai minti guda.

"Yalla mana, ya Kunkuru!" in ji Tarig cikin ƙosawa.

Haisam ya ce, "Wane kunkuru kuma?"

Sufeto ya ajiye kofinsa. "Tambayar da zan yi ke nan. Malam Tarig, kai da ba ka taɓa wasa a intanet ba, ina ka ji wannan suna?"

Tarig ya kifa katinsa a hankali.

"Kwamfutar tana shago, cikin durowa," ya ce. "Ban goge komai ba, wallahi. Baba, shekara biyu wani Kunkuru yana yi mini kaca-kaca a intanet. Har mafarkinsa nake yi. Ran Juma'a ka shiga alwala, gilashin kwamfutar ya haska, na ga sunan. Kai! Kai da nake bari ka ci don tausayi! Zuciya ta ɗebe ni, na sa ta cikin riga. So nake in ga yadda kake yi."

"To ka gani?" in ji Alhaji a hankali.

"Na ga inda kake rubutu a kan kowane abokin wasa. Na nemo sunana. Ka rubuta: 'Wannan Tarig ne, ko a duhu na gane wasansa. Ya fi ni basira, haƙuri kawai ya rasa. Kada a fatattake shi da yawa.'"

Alhaji ya goge ido da gefen hularsa. "Da ka tambaye ni, ɗan nan, ai da na zaunar da kai na koya maka. Kwana biyu ban ji muryar Hajiya ba."

Tarig ya durƙusa ya kama ƙafarsa. "Ka yafe mini, Baba."

"Khalas, na yafe. Yallaɓai, a bar shi."

"An riga an buɗe fayil, Baba," in ji Sufeto. "Sai mun ɗauko kayan, ya rubuta bayani. Gobe ka zo ka janye ƙara in kana so."

Sufeto bai sa wa Tarig ankwa ba. Ya dafa kafaɗarsa kawai, suka nufi ƙofa. Suna kan matakala suka ji takun dattijon a bayansu, yana saukowa da ƙyar, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Ku jira ni," in ji Alhaji Gidaɗo yana haki. "Ba zai shiga motar 'yan sanda shi kaɗai ba, mutanen unguwa suna kallo."