Marfin Lambun Yaya

"Shiru-shirun nan ce ke kula da lambun yayarta. Allah ya sa lambun kaɗai take kallo."

Haka na ji Inna tana faɗa wa Gwaggo ta bayan labule.

Lambun ɗan ƙarami ne, cikin gilashi mai kamar ƙwarya a kife. Tsakuwa, gawayi, gansakuka kore shar. Saurayin Yaya ne ya haɗa mata, gindin da ɗan marfin iska duk injin shagonsa ne ya fitar da su da roba. Mai Inji muke ce masa.

Da Yaya za ta tafi makarantar jinya, ni ta bar wa. Shi ya koya mini: raɓa da safe lafiya ce, kar in cika ruwa, kar in bar shi a buɗe.

Ranar da marfin ya ɓata na je shagon. Ya zaunar da ni, inji yana saƙa sabo a hankali, yana ta ba ni dariya.

Daga nan marfi ya riƙa ɓata...

Ni nake jefar da shi.

Karo na ƙarshe, kafin in samu damar fita zuwa shagon, iska ta sha gansakukar. Kullum tana ƙara ja, ni ina ƙara kasa kallonta.

Yaya ta dawo hutu. Ta daɗe tsaye gaban gilashin, na jira faɗa. Sai ta ce ita tun kafin ta tafi ta ba Mai Inji haƙuri sun rabu, kunyar Inna ce ta hana ta faɗa a gida.

"Da kin tambaye ni, uwar kunya, da ba ki kashe ciyawar Allah ba."

Na fashe da kuka. Ta dungure mini kai, ta ce in ɗauki lambun in kai asibiti, wato shagon Mai Inji.

Mai Inji ya duba, ya fesa ruwa kaɗan, ya ce gansakuka tana da yafiya. Sannan ya sa sabon marfi, ɗaure da zare a gindin.

"Wannan ba zai ɓata ba."

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

"Zuwa kuma ba sai da dalili ba," ya ƙara a hankali.

Na rungume gilashin.

"To... in ka zo gidanmu, wa za ka ce a kira maka?"